Gidan Gaskiya da Haruffa Masu Lanƙwasa

A 1928 wani Bajamushe masanin tsara bugu, Jan Tschichold, ya fitar da littafi yana kiran a yar da ƙawa daga fasta da shafin littafi, a bar harafi ya tsaya da ƙafarsa. Wasu malaman makarantar Bauhaus ma cewa suka yi manyan baƙaƙe ɓata wuri ne kawai. Su ragi suke nema. A ƙasar Hausa kuwa ƙari ake bukata, don bokon Bature bai zo da ɓ da ɗ da ƙ ba, sai dai a yi ta lallaɓawa da ɗigo a ƙarƙashi ko 'yar alama a gefe.

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ita ce tushen wannan ƙari. A 1933 ta zama Hukumar Talifi a Zariya, a hannun Dokta Rupert East, kuma gasar da ta shirya a shekarar ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. East na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an karɓi haruffa masu lanƙwasa.

A baki abin da sauƙi. A zamanin bugun dalma kuwa, sabon harafi sai an zuba shi a ƙera, babba da ƙarami, a kowane girma, daga na kanun labari har zuwa na cikin shafi. A ganina wannan wahalar ba ta samu yabon da ya kamace ta ba.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, ita ce kuma ta sabar wa idon mai karatu da sabuwar ƙa'idar. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da ke Zariya, da maɗaba'arsa. Da yaƙi da jahilci ya kankama, hukumar talifi ta Arewa, NORLA, ta yi ta zubo ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, har ta durƙushe a 1959. A 1966 aka haɗa hannu da kamfanin Macmillan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC, wanda ya gaji tarin littattafan ya ci gaba da sake buga su don makarantu.