Asalin Shafin Saiti

Duk wanda ya taɓa sauke samfurin harshe a kwamfutarsa ya san shafin saiti: a zaɓi Q4 ko Q8, a rubuta yawan rubutun da zai riƙe a kai, a faɗi hawa nawa za a ɗora wa katin GPU. Yaran da nake koya wa aikin sun ɗauka haka abin ya faɗo daga sama. Ni kuwa a wurina kusan kowane layi a shafin nan tabo ne na matsin da aka sha a 2023.

Ranar 24 ga Fabrairun shekarar kamfanin Meta ya fitar da LLaMA, girma huɗu, daga mai lambobi biliyan 7 zuwa mai biliyan 65. Masu bincike kaɗai aka ce za a ba, su ma sai sun cike fom. Ba a rufa kwana goma ba wani ya watsa fayilolin a intanet. Kaya sun shigo hannu, wurin sauke su ya gagara, domin autan cikinsu ma yana cin kusan gigabait 13, kuma manhajar da ke tafiyar da shi katin Nvidia mai tsada take nema.

Wani ɗan Bulgariya, Georgi Gerganov, shi ya warware kullin. Dama ya riga ya rubuta whisper.cpp, mai mayar da magana rubutu a kan kwamfutar gida. A cikin Maris ya saki llama.cpp. Dabarar ita ce a matse kowace lamba daga bit 16 zuwa bit 4, sai gigabait 13 ta dawo kusan 4, abin ya tashi a kan MacBook. Har a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi wani ya gwada. Ya yi magana, amma kafin ya haɗa jimla ɗaya an gama dafa shayi. Q4 ɗin da muke dannawa a yau daga nan ya fito. Samfurin yana ɗan rasa kaifi, amma cinikin da riba.

Watannin farko sai wanda ya gani. A sauya tsarin fayil yau, abin da ka kwana kana saukewa jiya ya ƙi buɗuwa. Sai a Agusta aka kawo tsarin fayil na GGUF, wanda ke ɗauke da bayanin samfurin a cikinsa, hankali ya kwanta. Raba aiki tsakanin kati da RAM ma a shekarar ya shigo, don masu ƙananan katuna.

Saitin da ya fi damuna shi ne na riƙo. LLaMA na farko gutsuren kalma 2,048 kawai yake riƙewa. Llama 2 ya ninka, Llama 3.1 na 2024 ya kai 128,000. Amma riƙo RAM yake ci, shi ya sa manhajar Ollama ta daɗe tana farawa da 2,048, mutane suna zargin samfuri da mantuwa alhali saiti ne ba su taɓa ba. Mu masu Hausa abin ya fi shafa. Babu Hausa cikin harsuna 20 na Wikipedia da aka ciyar da LLaMA na farko, kuma kalmominmu, balle masu ƙ da ɗ da ɓ, ana daddatsa su fiye da na Turanci, wurin ya cika da wuri. Shi ya sa nake ce wa yarana su fara ɗaga wannan lambar kafin su taɓa komai, in dai RAM ɗinsu za ta ɗauka.