Sararin da ke Tsakanin Huhu Biyu

Tsakanin huhun dama da na hagu akwai wani matsattsen sarari inda zuciya, bututun iska, hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini suke zaune. Ibn Zuhr, likitan Andalus da ya rasu a 1162, ya siffanta ƙurjin da ke tara mugunya a wurin cikin littafinsa Al-Taisir, abin mamaki ga wanda bai ga zamanin hoton ƙirji ba. Tun da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, ɗalibai ke nazarin wurin a jikin gawa. Shi ya sa likita a Daura yake neman hoton ƙirjin yaro mai doguwar tari: tarin fuka yakan kumbura kaluluwar wurin, inda hannu ba ya kaiwa.