Tsohuwar Kujera, Sabuwar Riga: Daga Gonakin Rijiyar Zaki Zuwa Ɗakunan Otal a Kano

Shekara sittin da suka wuce, duk wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙi hanyar Gwarzo, gonaki ne za su tarbe shi. Rijiyar Zaki, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, tana cikin ƙasar noman nan da ta yi wa birni ƙawanya, inda gona ke manne da gona, babu daji, babu saura. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, Polly Hill kuma ta yi nata binciken a Dorayi, maƙwabciyar Rijiyar Zaki, a farkon shekarun 1970. Abin da suka tarar shi ne mutane masu yawa a kan ƙasa kaɗan, ana noma kowace gona shekara da shekara, jakuna suna kai itace birni, su dawo da taki a mangala.

A irin wannan wuri kowace bishiya da mai ita. Ɗorawa tana ba da kalwa, kuka tana ba da miya, tsamiya ta kunu ce, gawo yana ciyar da dabbobi da rani ya kuma bar amfanin gona ya sha rana da damina. Ba a sare irin waɗannan don a yi abin zama. Masassaƙi ya san itacen da zai nema: ƙirya don turmi da taɓarya saboda taurinta, marke don ƙota, maɗaci idan an yi sa'a. Azarar rufin ɗaki daga giginya take, ita ma daga nesa ake kawo ta, shi ya sa in soro ya rushe ake tsince azarar a sake rufi da ita, wani lokaci ta ga jika ta ga tattaɓa-kunne.

Daga wannan ƙarancin ne ɗabi'ar gyara ta samo tushe. Turmi ya tsage, a ɗaure shi da ƙarfe. Ƙwarya ta fashe, a kira gyartai ya ɗinke ta. Katifar audugar rimi ta kwanta, a farke ta, a shanya audugar, a buge ƙura, a ƙara sabuwa, a ɗinka mata wata riga. Kujerar tsakar gida da uwa ta zauna a kai ta tuƙa tuwo, ita 'yarta za ta gada. Babu wanda ya kira wannan kare muhalli, amma sakamakonsa ke nan: binciken da aka yi kan itacen girki a Kano a shekarun 1980 ya nuna manoman kewayen birni suna riƙe da bishiyoyin gonakinsu, itacen da birni ke ƙonawa kuwa yawanci daga dazuzzuka masu nisa ake lodo shi.

Shi ma baƙo a da ba ya bukatar kayan katako. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, har zuwa lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, falke yana sauka ne a zango ko a gidan fatoma. Fatoma ya ba shi ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya ci la'adarsa. Shimfiɗa kuwa tabarma ce ko buzu, sau da yawa baƙon ne ma ke tafe da abinsa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Dogo ya iso Kano a 1911, ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko, ya dawo da kwanon rufi, da ƙusa, da katakon kurmi wanda aka yanka falle-falle da inji. Kafin nan da shekara biyu, a 1909, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa, har da sashen koyar da sana'o'in hannu. Daga irin waɗannan wurare, da ma'aikatun ayyuka na gwamnati da na En'e, aka samu sabon mai sana'a, wato kafinta, mai zarto da guduma da awo. Masassaƙi yana rarake gungume ɗaya ne ya fitar da abu guda; kafinta kuwa harhaɗa guntaye yake yi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga labarinmu, domin abin da aka harhaɗa ana iya kwance shi, a cire ɓangaren da ya lalace, a mayar da sauran.

Sai masaukan zamani suka biyo baya. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma filin jirgin ya zama zangon jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Matafiya suna son gado da tebur da kujera. Central Hotel da ke titin Bompai yana cikin waɗanda suka yi suna a wancan zamani. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya ɗauki harkar baƙi da gaske. Daga yunƙurin gwamnatin jiha na waɗannan shekaru aka samu otal ɗin Bagauda a gefen madatsar ruwa, da Daula a cikin gari, da Rock Castle a Tiga. Zamanin kuɗin fetur ne, kuma katakon kirki yana nan a wadace. Daga dazuzzukan kudu, musamman wajejen Sapele inda kamfanin African Timber and Plywood yake da babbar masana'anta, ake kawo iroko da mahogani masu nauyi, waɗanda gara ba ta cika yi musu ɗauki ba.

Ita ma Kano ba ta tsaya saye kawai ba. A 1959 iyalan Moukarim, 'yan asalin Labanan, suka kafa masana'antar gadajen ƙarfe da kayan ɗaki a garin. Daga cikinta ne kamfanin katifa na Mouka ya fito a Ikko a 1972. Wani kamfanin katifar, Vitafoam, an kafa shi a 1962. Soso ya kori audugar rimi daga katifa, gado mai rumfa ya kori gadon kara daga ɗakin amarya, daga baya shi ma gadon fomeka ya kore shi. Al'adar nan ta uba ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki ita ce ta riƙe kafintocin Kano fiye da kowane otal, ita ce kuma ta raya kasuwannin 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo. Da Jami'ar Bayero ta buɗe sabon mazauninta a kan hanyar Gwarzo a shekarun 1980, gari ya bi ta a baya, gonakin Rijiyar Zaki suka zama fulotai. Jikokin masu jakunan itace da yawa sun shiga sana'o'in birni, kuma kamar a sauran manyan titunan Kano, yau ana jera kujerun kushin a bakin hanya suna jiran iyayen amare.

Gyaran kujera a matsayin sana'a mai cin gashin kanta ya yi ƙarfi ne lokacin da aljihu ya yi sanyi. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, zamanin Janar Babangida, ya karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da kayan ɗaki daga waje a 2004. A Yunin 2015 Babban Banki ya sa su cikin kayayyaki 41 da ba za a ba masu shigo da su dala a farashin gwamnati ba, matakin da bai janye ba sai a Oktoban 2023, bayan naira ta sake faɗuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tura mutane wurin mai gyara. Magidanci ya sake wa kujerun falo riga kafin Sallah, dillaliya ta ɗauki gadon da aka gaji da shi ta kai inda za a fenta shi ya zama na wata amaryar.

Aikin kansa abin a tsaya a kalla ne. Mai gyara yakan kifa kujerar, ya farke baƙin ƙyallen da ke ƙasa, ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana ɓamɓarewa, har sai ƙashin kujerar ya fito tsirara. A nan ake yanke hukunci. Zai danna katakon da bakin sukundireba. In ya nutse ko gari ya zubo, ƙwaro ya riga ya ci, sai a sauya wannan sandar kaɗai. In ya yi ƙarar lafiyayyen itace, sai a ƙara gam a gaɓoɓi, a ɗaure. Sannan a ja sababbin igiyoyin roba, waɗanda akasari daga tsohuwar tayar mota ake yanko su, a saƙa su gicciye, a ɗora soso, a yanka sabon yadi bisa ma'aunin tsohon da aka cire. Tebur da kan gado kuma sanfefa ake bi da su har tabon kofi da ƙunar sigari su ɓace, a cike ramuka da garin katako da aka kwaɓa da gam, a fesa musu sabon fenti. Kujerar da ta shiga rumfar a karkace takan fito babu mai cewa ta taɓa ganin baƙo.

Otal ya fi kowa bukatar wannan, domin kayansa ba sa hutawa. Manyan kamfanonin otal na duniya sukan sauya yaduka da labule da kafet duk bayan shekara biyar zuwa bakwai, kuma da yawa sun gano cewa gyara a wurin ya fi zubarwa sauƙi: ɗaki ba ya daɗewa a rufe, ba a biyan kuɗin jirgin ruwa da kwastan. Ɓarnar da suke gudu ba ƙarama ba ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an zubar da kayan ɗaki tan miliyan 12 a ƙasar, kashi 80 cikin 100 kuma binne su aka yi a juji. Faransa tun 2013 ta ɗora wa masu ƙera kayan ɗaki da masu sayar da su alhakin kuɗin tattara tsofaffin. Abin da waɗannan ƙasashe ke kafa wa doka, kafintan Kano ya daɗe yana yin sa a ƙarƙashin rumfar kwano.

Sai dai akwai abin damuwa. Yawancin sababbin kayan da ake ƙawata ɗakuna da su yanzu da allunan MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ranar farko sun fi kowane iroko kyau a hoto. Amma mai share ɗaki yana goge ƙasa da ruwa kullum, ƙafar kabad ɗin tana tsotsa, kafin a yi damina biyu ko uku gindin ya kumbura ya fara marmashewa. Sukurun da ya fita daga jikinsa ba ya sake kamawa da kyau. Irin wannan kaya ba shi da ƙashin da za a sake wa riga. In ya tashi mutuwa, gaba ɗaya yake mutuwa, ƙarshensa bola ko murhu, hayaƙin gam ɗinsa kuma ba abin shaƙa ba ne. Mai otal da ya kwashe gadajen katakon gaske na shekarun 1970 ya yi gwanjonsu don ya zuba waɗannan, ya sayar da abin da ba zai sake samu a wannan farashin ba.

Dalili kuwa a fili yake: dajin da ya ba da wancan katakon ya ja baya. Ko a Arewa an ga yadda abin yake. Maɗobiya, wadda ake samu a Taraba da maƙwabtanta, an yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin don yin kayan ɗaki masu tsada, har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kano tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Katangar Bishiyoyi don tare hamada. Bai dace jihar da ke dashen itace da hannun dama ta riƙa watsar da busasshen katako mai shekara hamsin da hagu ba. Maɗaci yana ɗaukar shekaru gommai kafin ya isa yanka. Gyaran kujera kwanaki kaɗan ne.

Ba kowane abu ne ya cancanci gyara ba, kuma mai gyaran kirki zai faɗi haka. Katifar da baƙi suka yi shekaru suna kwana a kai sauya ta ake yi. Gadon da kuɗin cizo ya yi gida a gaɓoɓinsa sai an kwance shi an yi masa magani sosai kafin ya koma ɗaki. Akwai kuma masu ha'inci, waɗanda ke cusa ragowar tsohon soso a ƙarƙashin sabon yadi, bayan wata uku kujera ta lotsa, su ja wa sana'ar baƙin jini. Maganin wannan shi ne mai kaya ya tsaya a yi aikin a gabansa, ko ya sa a zo a yi shi a harabar otal ɗin, ɗaki biyar-biyar, sauran suna karɓar baƙi.

Otal-otal ɗin gwamnati na zamanin Audu Baƙo yawancinsu sun bar sana'ar. Na Bagauda yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ne. Waɗanda suka gaje su 'yan kasuwa ne, kuma kullum ana buɗe sababbi, har a unguwannin da jiya gonaki ne. Ga masu su kira ɗaya ne. Kafin a kira motar gwanjo, a kira kafinta ya kifa kujerar ya duba ƙashinta. In za a sayi sabo, a sayi na katakon da za a iya kwancewa a gyara nan da shekara goma. Hukumomin koyar da sana'a na jihar su ma su sa gyaran kushin da sabunta fenti cikin abin da ake koya wa matasa, domin masu hannun yin aikin suna nan a Rijiyar Zaki da Na'ibawa da Rijiyar Lemo, kwangilar ce ba ta isa gare su ba.