Daga Tukunyar Toka Zuwa Lambar NAFDAC: Waiwaye Kan Sana'ar Sabulu a Zariya

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari ya san sai an ratsa Kwangila, an bi ta PZ. Yaran yanzu da yawa sun ɗauka PZ sunan unguwa ne kawai. Asalinsa sunan kamfanin Paterson Zochonis ne, wanda ya yi kanti a wurin tun zamanin Turawa, kamfanin da daga baya ya cika gidajenmu da sabulun Canoe da Premier da Joy. Ke nan tarihin sabulu yana bakin kowane kwandasta a Zariya, ko da bai sani ba.

Amma tun kafin kanti akwai tukunya. Na taso na tarar kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye bayan Samaru, tana dafa sabulun salo. Bayan an kawar da amfanin gona sai ta sa a tara mata karan dawa, ta ƙone, ta kwashe tokar ta zuba a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta yi ta ɗura ruwa yana tsatstsafowa, ja kamar ruwan shayi. Wannan ruwan tokar take dafawa da kitse ko man kaɗe, tana tuƙi da muciya tun hantsi har la'asar, hayaƙi na cin idonta. Ba ta da ma'auni. Takan ɗan taɓa a harshe, in ya yi mata zafi ta ƙara mai. In ya huce ta cuccura, ta jera a faifai. Wadda ta saya ta san gidan da aka yi shi, ta san hannun da ya tuƙa. In ya ci wa jariri fata, kafin magariba magana ta iso tsakar gida, kuma kunyar wannan magana ita ce hukumar da ke sa ido a kan sana'ar.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha. Yarbawa da Nupawa da Ibo suka sauka da kayansu, manja da man alayyadi suka wadata a kasuwa. Auduga da gyaɗa na gangarawa kudu, kayan kanti na hawowa. Kamfanin Lever Brothers ya yi rajista a Najeriya a 1923, ya kafa masana'antar sabulu a Apapa, shi kuma PZ ya samu tasa a Aba a 1948. Dogon sandan sabulun nan da mai tireda ke yankawa da wuƙa gwargwadon kuɗinka, daga nan ya fito. Samaru kuwa, da aka buɗe tashar binciken aikin gona a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta cika da masu albashi da ɗalibai, mutanen da ke son sabulu mai ƙamshi a cikin takarda. Sabulun salo bai mutu ba, ya dai koma ɗakin masu jego da amare.

Wahala ce ta dawo da sana'ar cikin gida. Waɗanda suka yi wayo a 1984 suna tuna layin sayen kayan masarufi, inda magidanci zai wuni a rana saboda madara da sukari da sabulu. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, Naira ta faɗi, kayan kanti suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Matan masinjoji da leburorin jami'a a Hayin Dogo da Ɗanraka, da matan ma'aikatan reluwe a Sabon Gari, suka rungumi sabulun soda. Hukumar samar da aikin yi ta NDE da shirin Better Life na Maryam Babangida, waɗanda suka kankama a 1987, sun taimaka wajen yaɗa koyon irin waɗannan sana'o'in hannu.

A nan ne aikin ya sauya, kuma ina ganin ba a cika lura da girman sauyin ba. Ruwan toka yana da sauƙin kai, sabulunsa kuma yana da laushi. Soda kuwa ba ta yafiya. Kowane mai da abin da yake ci: kilo ɗaya na manja yana neman soda kimanin giram 140, na alayyadi kimanin 175, man kaɗe bai kai manja ba. In sodar ta yi yawa, ragowarta na nan cikin sabulun tana jiran hannun mai wanki. Dole a zuba soda a cikin ruwa, kada a kuskura a kwara ruwa a kanta. Tukunyar dalma ba ta shiga aikin, don soda na cin ta. Sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba kuma yana so a bar shi ya sha iska wajen mako huɗu kafin ya taɓa jiki. Mai neman kuɗin cefanen gobe ina ta ga haƙurin mako huɗu? Duk wanda ya yi wanki da sabulun soda na wancan lokaci ya san yadda yatsu ke tsagewa. Ga shi mai saye a kasuwar Sabon Gari bai san gidan da zai kai ƙorafi ba.

Wannan giɓi doka ta zo cikewa. Dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa hukumar NAFDAC, mai lamba 19 ta shekarar kuma ta hana yi ko sayar da abinci na sarrafawa, da magani, da kayan shafa, sai an yi musu rajista. Sabulun wanka da na wanki duk suna ƙarƙashin hukumar. Jama'a ba su san da zamanta sosai ba sai da Dora Akunyili ta karɓi ragama a 2001, daga nan ne ko tsohuwa a ƙauye ta iya tambayar, "Yana da lamba?" Ni kam ina bayan wannan doka. Wanda ya ga abin da sabulun bilicin mai sinadarin makuri ke yi wa fata da ƙoda, ko ya ga ana zuba ruwan adana gawa a sabulun ruwa don kada ya lalace, ba zai ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba.

Yau hanyar a fili take, ko da yake da hawa. Ana farawa da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, abin da ake yi ta intanet, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa kamfani. Sai lambar haraji. Sai NAFDAC, wadda za ta turo jami'ai su duba wurin aiki, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji, su karanta takardar da ke jikin sabulun: suna da adireshin mai yi, abin da aka haɗa, nauyi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. In an dace a ba da lamba ta shekara biyar. Wadda kuma ta rubuta cewa sabulunta na maganin ƙyasbi ko makero ta ɗauko wa kanta wani nauyin, don ta shiga sahun masu magani.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin aiki. Wata maƙwabciyarmu, bazawara mai 'ya'ya huɗu, ta ƙware a sabulun man kaɗe da darbejiya. Tana da sikeli, tana sa safar hannu, tana rubuta kwanan wata a kan kowane katako. Ta ɗauki kwali guda zuwa wani babban kanti. Mai kantin ya sunsuna, ya jujjuya, ya ce, "Hajiya, kayanki sun yi kyau, amma in aka zo aka same su a nan ba lamba, ni za a rufe wa shago." Ta dawo da kwalinta a keke napep, ta ajiye a zaure, ta ce da ni, "Malam, ɗaki biyu gare ni. A ina zan ware wa sabulu nasa?" Gaskiyar mai kanti ce, kuma gaskiyarta ce. Hukuma ba za ta yarda a haɗa soda a inda ake tuƙa tuwo ba, ita kuma ribarta ba ta kai hayar shago ba.

Abin da ke damuna shi ne, in akwai garin da bai kamata wannan mata ta rasa mafita ba, to Zariya ce. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, tana nan Basawa. Jami'a na da sashen kimiyyar sinadarai da na injiniyancinsa. Cibiyar raya masana'antu da ke hannun hukumar SMEDAN tana Samaru. Duk a cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Amma har yanzu yawancin horon da ake ba mata na kwana biyu ko uku ne: a koya musu haɗi, a raba robobi da takardar shaida, a ɗauki hoto. Batun rajista, da gwajin ragowar soda, da lissafin riba, sai a bar su su gano da kansu.

NAFDAC ta amince ƙananan masu sana'a su yi aiki a wurin haɗaka da ta duba ta gamsu da shi. Saboda haka roƙona ga shugabannin ƙaramar hukumar Sabon Gari da waɗannan cibiyoyi: a ware gini guda mai ruwa da sikeli da wurin shanya, ƙungiyoyin mata su riƙa shiga bi da bi suna biyan abin da ba zai karya su ba, a kuma ajiye ma'aikaci ɗaya da zai zauna da su wajen cike takardu. Ku kuma 'yan uwa mata masu wannan sana'a, ku haɗu goma ko ashirin ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, ku je ofishin NAFDAC na Kaduna da ƙafarku ku tambaya, kada ku bi ta hannun 'yan tsakiya.