Gani Ya Kori Ji? Tarihin Wata Tsohuwar Gardama a Kan Ido

Ina ɗan shekara goma sha biyu, ranar 29 ga Sha'aban, muka fita bakin garin Ƙonni duban wata. Akwai hazo. Can sai kawuna ya miƙa hannu yamma ya ce, "Ga shi can! Da idona nig gane shi." Mu kusan ashirin muka ƙura ido, babu wanda ya ga kome. Aka ƙi karɓar shaidarsa shi kaɗai, ya yi kwanaki yana fushi, don a wajensa an ce masa maƙaryaci ke nan. Kawu ba ya ƙarya. To, mi ya gani?

Sai da na fara karatun kimiyyar harshe a Yamai tambayar ta dawo mini ta wata ƙofa. A Hausa muna ji da kunne, muna jin wari, jin daɗi, jin sanyi, jin zafi. Kalma guda ta kwashe su duka, sai gani kaɗai aka ware wa tasa kalmar. Ian Ritchie ya yi rubutu a kan wannan a 1991. Sannan mu ce gani ya kori ji. Ku kuma duba yadda muke maganar ido: a jefa ido, a zuba ido, a zura ido, a kafa ido. Kamar wani abu ne ke fita daga idon ya je ya taɓa abin da ake kallo.

Haka wasu manyan masanan Girka suka ɗauka. Uƙlidis da Baɗlamus sun koyar cewa ido ne ke aika haske waje, kuma ra'ayin ya yi ƙarnuka yana da ƙarfi. Wanda ya karya shi da hujja shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajajen 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Hujjarsa kowa na iya gwada ta: mai kallon rana idonsa ke ciwo, kuma ko ya rufe ido hasken na nan yana yi masa gizo na ɗan lokaci. Ke nan haske shiga yake yi daga waje.

Bai tsaya nan ba. Ya ce haske da launi kaɗai ke isa ido. Nisa, girma, da gane cewa wancan mutum ne, wancan kuma kututture, duk hankali ne ke yanke su cikin sauri, yana kwatantawa da abin da ya saba gani. Cikin juzu'i bakwai na littafin, na uku kacokan a kan kurakuran gani yake.

An fassara littafin zuwa Latin wajajen 1200. A 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa hoton abu yana sauka a tantanin bayan ido, kuma a juye, kai ƙasa. A 1668 Edme Mariotte na Faransa ya bayyana cewa inda jijiyar gani ke fita daga ido akwai gurbin da ba ya ganin kome. Gwada da kanka a bayan wannan takarda: yi ɗigo biyu, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, rufe idon hagu, ka kalli ɗigon hagu da idon dama kana matso da takardar sannu sannu. Ɗigon dama zai ɓace, amma ba za ka ga rami ba, farar takarda za ka gani. Ƙwaƙwalwa ta cike gurbin ba tare da ta shawarce ka ba. A 1867 Hermann von Helmholtz na Jamus ya kira irin wannan aiki hasashen da mutum ke yi bai sani ba.

Mu koma bakin gari. Jinjirin wata siririn zare ne a sararin da bai gama duhu ba. André Danjon ya nuna a 1932 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ba a ganinsa. Mutumin da ya san siffar abin da yake nema, ya san inda zai fito, yake kuma ɗokinsa, ɗan tsagin gajimare ma na iya zame masa wata. Malaman Malikiyya da suka shar'anta adalai biyu ko jama'a mai yawa sun san adali ma idonsa na iya kuskure.

Mu mutanen bakin iyaka abin ya shafe mu. Wata shekarar Sarkin Musulmi ya sanar a Sakkwato, ƴan uwanmu na Illelar Najeriya su tashi da azumi, mu a Ƙonni muna jiran sanarwar Yamai, sai ka ji ana cewa wasu sun yi ƙarya. Sau da yawa babu maƙaryaci a ciki.

Da na je hutu na yi wa kawu gwajin ɗigon nan. Ya yi shiru, ya sake gwadawa da ɗaya idon, sannan ya ce, "Kai ɗana, ashe ido ma shina da nashi son rai." Amma har yau bai yarda cewa gajimare ya gani a wancan daren ba.