Kango da Sallamar da Ba a Amsa Ba

Wanda ke son gane yadda siffanta gida a waƙa ke tayar da tsigar jiki, sai ya fara da tsarin gidan Bahaushe. A Ƙaraye da Rogo, kamar sauran ƙasar Kano, gidan ƙasa hawa-hawa ne na izini: baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, na jiki ya wuce shigifa, tsakar gida da turaka kuwa sai wanda aka yarje wa. Daga rushewar wannan tsari mawaƙi ke ɗebo tsoro.

A kango katanga ta zube, mai wucewa yana hango turaka tun daga hanya, wurin da a da ko idonsa ba ya kaiwa. Azara ta karye, gara ta cinye ƙyaure, ciyawa ta tsiro a murhu, indararo na kwararar da ruwa ba mai tarewa. Jama'a sun daɗe da ɗaukar kango da gindin tsamiya mazaunin mutanen ɓoye, amma gwanin mawaƙi ba ya gaggawar ambaton aljani. Jero kayan ya ishe shi, domin kowanne yana cigiyar mai shi. An yi sallama, shiru.

Salon tsoho ne. Ɗaliban makarantun zaure sun san yadda mawaƙin Larabawa Imru'ul Ƙaisi ya buɗe ƙasidarsa da tsayawa a kufan masoyiya, sai dai shi kewa ta dame shi, ba fargaba ba. Masu waƙoƙin wa'azi, layin da Aliyu Namangi na Zariya mai waƙar Imfiraji ya shahara a kai, su suka karkatar da hoton zuwa kabari, wanda Bahaushe ke kira gidan gaskiya: ɗaki ne matsattse, ba ƙofa, ba taga, ba fitila. Nan ma da ma'aunin magini aka auna tsoron.

Ƙasar Ƙaraye tana da nata kufan na zamani. Madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992, ta tashi ƙauyuka, ruwa ya shafe gidajensu. Ga mawaƙin yankin wannan ya fi kango wuyar siffantawa, don babu ko gutsuren bango da zai nuna. Masunta ne ke ratsa saman wurin da kwalekwale.