Falsafar Muhalli: Yaushe Aka Fara Karatunta?

Wani mai saurarenmu daga Turba, cikin ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, ya rubuto cewa ɗansa ya gama digirin farko, yana kuma son yin na biyu a kan falsafar muhalli. Shi ne yake tambaya, wane irin karatu ne wannan, kuma yaushe aka fara shi?

To malam, mun gode da wasiƙarka. Karatu ne a kan haƙƙi: wane haƙƙi ƙasa da ruwa da itatuwa ke da shi a kanmu, mu kuma me za mu bar wa jikokin da ba a haifa ba tukuna.

A jami'o'i dai bai daɗe ba. Wani masanin gandun daji ɗan Amurka, Aldo Leopold, shi ya share fage da littafinsa da ya fito a 1949. Sai bayan 1970 aka fara koyar da fannin sosai, mujallarsa ta farko kuma ta fito a 1979.

Amma a nan gida maganar ta girmi jami'a nesa ba kusa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya yi littafi, Ta'alimur Radi, kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin da ake keɓe wa jama'a. A Damagaram kuwa ana ba da labarin Sarki Tanimu, na ƙarni na 19, wanda ya sa hukuncin kisa kan mai sare gawo. Hukuncin da tsauri, amma manomi ya san dalili: gawo da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana, ga taki a gindinsa.

Kada ka ɗauka karatun zaman banza ne. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gonaki, fadamun da ke ƙasa da ita kuma suka rasa ambaliyar da suka saba noma da ita. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta, aka rasa rayuka da dama. Wa ya kamata ya ɗauki asarar irin wannan aiki? Ire-iren tambayoyin ke nan da ɗalibin fannin ke rubuta kundi a kansu.

Haka abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, maƙwabtanku. Daga 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gona maimakon sassabe shi ƙarƙaf, har itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.